Ɓarauniyar Kaza a Bencin Asibiti

Cotuí, 6 ga Satumba, 1988

Zuwa ga jikallena Dilenia, likitar gobe,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin Meziko bai busar miki da ƙashi ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗauke wuta. Mamanki Ercilia garau take, jiya ma ta wuce ta ƙofar shagona ta ce in na rubuto in ce ki riƙa cin abinci. Ni kuwa gwiwa ce ke ɗan taɓa ni, keken ɗinkin ma ya tsufa kamar mai shi, amma muna gungurawa.

Na san za ki yi mamakin wasiƙata. Ni da marigayiya kakarki 'ya'yan wa da ƙani ne, ke kuma kin yi nisa, ba kullum muke gaisawa ba. To amma duk danginmu ke kaɗai kika karanta cikin jikin mutum, sauran daga mai noman shinkafa sai mai surutu.

Ga tambayata. Me ya sa namiji yake da kan nono? Ba ya shayarwa, ba ya ado da shi. Shekara arba'in ina auna ƙirjin maza, ban taɓa ganin amfaninsa ba. Ba ni ke tambaya ba fa, wani abokina ne. Yana kuma so ya ji ko abin yana iya farkawa bayan mutum ya tsufa.

Kada ki gaya wa mamanki. Maganar da ta shiga kunnen Ercilia da safe, kafin rana ta take ta gama zaga kasuwa.

Kakanki,
Baldomero tela

Birnin Meziko, 30 ga Oktoba

Kaka Mero,

Ina gaisuwa da girmamawa, da kuma dariya. Lafiyata ƙalau, ka ce wa Mama ina cin abinci, barkonon mutanen nan ne dai yake neman raba ni da harshena. Ka yafe jinkiri, jarrabawa ce ta tasa mu gaba, wasiƙarka ta yi sati biyar a ƙarƙashin littafi.

Ni za ka yi wa wayo? Na san musun teburin domino ne, kai da tsofaffin nan naka, an sha giyar rake an rasa abin yi. To riƙe amsa ka je ka cinye su.

Ɗan tayi a makonni shida na farko, ba a rarrabe namiji da mace. Yanka ɗaya ake musu, kamar yadda kake yanka yadi kafin mai shi ya ce wando yake so ko siket. A cikin waɗannan makonnin ake dasa kan nono, biyu, ga kowa da kowa. Sai wajen mako na bakwai, idan uba ya ba da ƙwayar gado ta maza, 'ya'yan maraina su fara tsirowa, su saki wani sinadari a jini, jiki ya juya hanyar maza. Idan ba haka ba ya bi hanyar mata. To a lokacin an riga an ɗinka kan nonon, ba ya kuma cutar da kowa, babu dalilin farke shi. Shi ke nan. Ba shi da wani aiki.

Batun farkawa kuma, ka ce wa “abokin” naka kayan aikin suna nan a ƙirjin kowane namiji, 'yan mitsi-mitsi, barci kawai suke yi.

Amma kai, Kaka, da bakinka kake tambayar amfanin nono? Kai da duk Fabrairu kake fitowa bikin karnabal na titi da nono mafi girma a Cotuí! Har yanzu in na rufe ido ina ganinka a shigar Ɓarauniyar Kaza: doguwar riga mai furanni, filo gaba filo baya, lema a hannu, jan baki har kunne, kana bin kantuna kana roƙa wa “'yan tsakinka” alewa, mu kuma muna binka a baya muna ihun “a dake ta!” Bana ma ka ajiye min alewata.

Jikarka,
Dilenia

Cotuí, 20 ga Nuwamba

Jikalle,

Gaisuwa. Muna lafiya, an yi ruwa, gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta zo, na karanta sau huɗu, sau biyu da tabarau sau biyu babu.

Tabɗi! Wato ni, Baldomero Tavárez, da na taɓa ɗaga keken ɗinki da hannu ɗaya a gaban shaidu, na yi sati shida ina mace? Kin ce ba a rarrabewa, amma ni na gane abin da kike nufi, kunya ce ta hana ki faɗa. Uwata kuma ta tafi kabari ba ta taɓa gaya min ba.

Duk da haka na gode, don kin kwantar wa abokina da hankali. Yanzu ya gane abin da ya same shi. Na hagunsa ne ya farka. Tun watan Yuli ya ji wani ƙullutu a bayan kan nonon, mai tauri kamar ƙwayar wake, ba ya zafi ko kaɗan. Yanzu ya kai gyaɗa, kan ya shige ciki kamar mai jin kunya, wani lokaci yana ɗan ɓata masa singileti. Da yana tsoron cuta ce. Da na karanta masa inda kika ce kayan suna nan suna barci, sai ya buga cinya ya ce, “Ashe!”

Kin ga, shi ma yana yin Ɓarauniyar Kaza, a wani gari can, ba ki san shi ba. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaura filo a ƙirji yana rangwaɗa a titi. To wa zai yi barci ana masa wannan kiɗan a ka? Kuma a gefen hagun yake cusa kazar, da ranta, tana ɗumama wurin tun safe har yamma. Jiki ya ga ana ta kiransa mace, sai ya amsa.

Magani ya samu. Ya ninke rigar ya kulle a akwati, ya ba da lemar, ya sanar bana ba zai fita ba. Ranar ashirin da ɗaya ga Janairu kuma zai je Higüey wurin Uwargida Maryamu, ya ƙarasa ƙofar coci a kan gwiwoyinsa, ya yi alkawarin ba zai ƙara yi wa halitta ba'a ba. In aka daina kiransa, zai koma barci.

Allah ya ƙara basira. Karatun nan naki bai tafi a banza ba.

Kakanki Mero

Birnin Meziko, 9 ga Disamba

Kaka,

Gaisuwa a taƙaice.

Abokin naka, gwiwarsa ma tana ciwo? Shi ma tela ne? A rana ɗaya wasiƙarka ta zo da ta Mama. Ta ce tun Agusta Mero yake zama teburin domino da riga a rufe har wuya, shi da gari ya san cibiyarsa fiye da fuskarsa. Ta ce ka ce ba za ka fita karnabal ba, mutane har sun fara cewa addini ne ya kama ka. Kaka, mutum ɗaya ne ya shekara talatin da ɗaya yana cusa kaza a hagu, kuma a wuyansa na kalli karnabal ɗina na farko.

Yanzu ka saurara, ka sa tabarau. Ban ce ka taɓa zama mace ba. Ban ce filo yana tayar da komai ba. Kaza ba ta da laifi, rigar ba ta da laifi. Abin da nake nufi shi ne, tun da akwai ɗan naman nono a ƙirjin namiji, cutar da ke kama na mata tana iya kama nasa. Ba ta cika yi ba, amma tana yi. Ƙullutu mai tauri marar zafi, kan nono ya shige, yana fitar da ruwa: waɗannan alamun ciwon daji ne, sai in likita ya duba ya ce ba shi ba ne. Rashin zafin nan da kake murna da shi, shi ya fi ba ni tsoro.

Na yi kuka jiya. Ka tambaye ni tun Satumba, na bar wasiƙarka a ƙarƙashin littafi, sannan na amsa maka da wasa. Wata uku na ɓatar maka.

Ka je Santo Domingo cikin satin nan, asibitin da ake duba nono, ka nemi Dakta Peguero, tsohuwar malamata ce, na rubuta mata. Higüey ba za ta gudu ba. Ka je bayan an duba ka, a mota, ba a kan gwiwar da dama ba ta da lafiya ba.

Dilenia

Cotuí, 28 ga Disamba

Yarinya,

An yi Kirsimeti lafiya, an gasa alade, mamanki ta ƙona shinkafa ta ce tukunya ce. To, kin kama ni. Abokin ya mutu, Allah ya ji ƙansa, dama bai iya ƙarya ba.

Ki daina kuka, ba ke kika dasa min shi ba. Amma zuwa asibitin nan, a'a.

Na je fa. Kada ki ce ban je ba. Na hau bas ranar Talata, na sami wurin, na leƙa ta ƙofa. Dogon benci ne, mata sun kai arba'in, ko namiji ɗaya babu, har mai shara mace ce. Wata ma'aikaciya mai faɗin kafaɗa ta dube ni ta ce, “Baba, masu rakiya a waje suke jira.” Na ce to. Na fita na jira kaina a waje kusan awa guda, na sayi lemo na sha, na hau bas na dawo.

Ki gaya min, me zan ce mata? In ce, “Ni ne mai nonon”? A gaban mata arba'in? Kafin in iso gida labari ya riga ni. Su Casimiro a teburin domino za su ce ashe shi ya sa ya iya rangwaɗa, ashe ba filo ba ne. Da wannan sunan za a binne ni.

Na san abin da za ki ce, don bakin kakarki gare ki. Za ki ce mutumin da ya shekara talatin yana yawo da rigar mata yana tsoron zama a benci. Ba ɗaya ba ne, jikalle. In na sa rigar, ni nake ba su izinin dariya. Ni nake kunna ta, ni nake kashe ta. A bencin can kuwa za su yi ba da izinina ba, ina zaune da gashin bakina da wandona. Wannan ba zan iya ba. Gaskiya ce nake gaya miki, tsoro nake ji, na bencin ya fi na wuƙar.

Ƙullutun ya ɗan ƙara girma. Higüey saura sati uku.

Mero

Birnin Meziko, 11 ga Janairu, 1989

Kaka Mero,

Barka da sabuwar shekara, in kana so ka ga ƙarshenta.

Ranar da aka binne Babana ina shekara shida, na ƙi cin abinci kwana biyu. Kai ka shigo gidan makoki da filo ɗaya a cikin riga, ka ce ɗayan kaza ta gudu da shi, na yi dariya har na shaƙe, Mama ta ɗura min miya. A ranar ka ce in na zama likita za ka zo bikin da cikakkiyar shiga ka kunyata ni a gaban malamaina. Saura shekara ɗaya da rabi. Ina jiran kunyata.

Ka ce sai da izininka ake dariya. To ka ba su izinin mana! Buɗe akwatin, ka sa rigar, ka je. Dakta Peguero ta ga abin da ya fi haka.

In kuwa ƙarshen watan nan ya yi ban ji ka je ba, na rantse zan buga waya kantin magani na bakin kasuwa, inda duk Cotuí ke karɓar waya, in ce a kira min Mama, in yi maganar da ƙarfi yadda mai kantin zai ji. Ka zaɓa.

Jikarka mai bakin kakarta

Birnin Meziko, 24 ga Fabrairu

Kaka,

Shiru. Sati shida. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu sau biyu, mai gidan da nake haya har ta fara tambaya ko saurayi ne. Na ɗaga wayar sau uku na ajiye, don ban san ko fushi kake yi ba ko abin da ya fi fushi. Wasiƙar Mama ma ba ta zo ba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko zagi ne.

Dilenia

Cotuí, 2 ga Afrilu

Jikallena, likitata,

Gaisuwa daga mai rai. Lafiya lau nake, in ka cire hannun hagu da bai gama ɗaguwa ba, shi ya sa rubutun ya karkace, babu mai danne min takarda. Mamanki tana gaishe ki. Ita ta yi jinyata sati uku a Santo Domingo, na sa ta rantse ba za ta rubuta miki ba sai an ga ƙarshe. Ercilia ta riƙe magana wata biyu! Ki rubuta wannan a littafinku na likitoci.

Bari in ba ki labari daga farko. Wasiƙarki ta zo, na zage ki, na zagi Meziko. Washegari na buɗe akwati. Na aro lemar da na bayar. Kazar ce kawai ban ɗauka ba, na ce asibiti ne, a yi ladabi.

Yaron bas ya dubi bayana ya ce, “Uwargida, wannan ai kujera biyu ce.” Na ce masa ya yi magana da ita kai tsaye, ni ba ruwana. Tun daga Cotuí har birni ana dariya, wata tsohuwa ta ba ni soyayyar ayaba ta ce in kai wa 'yan tsaki.

Na shiga asibitin ina kaɗa lema. Mai faɗin kafaɗar nan tana nan. Ta ce, “Karnabal sai wata mai zuwa, Baba.” Na sa muryar Ɓarauniya na ce, “'Yar nan, guda uku na kawo a duba min. Biyu na filo ne, lafiyarsu ƙalau. Na ukun ne na Allah, shi ke ba ni wahala.” Benci ya fashe. Mata arba'in, wasu da hawaye a fuska tun kafin in shigo, suna riƙe ciki. Ma'aikaciyar kuwa ba ta yi dariya ba. Ta kalle ni sosai, ta ɗauko kati ta ce, “Sunanka?” Na faɗa mata da muryata ta gaske. Aka matsa min na zauna, na ci wurin mutum uku.

Dakta Peguero ta sa na cire komai, filo bayan filo, ta jera su a kujera. Ta taɓa wurin, fuskarta ta canza. Shi ne, jikalle, abin da kika faɗa. An yanke na hagun duka ranar ashirin ga Fabrairu, har da wasu 'yan ƙwayoyi a hammata. Ta ce da na ƙara wata biyu da wata maganar muke yi. Yanzu ina zuwa ana gasa wurin da na'ura, ta ce tana da kyakkyawan zato. Karnabal ya wuce ina kwance. Wani ɗan Casimiro ne ya yi Ɓarauniya, an ce filonsa ya faɗo a gaban coci.

Su Casimiro sun zo duba ni, sun tsaya cirko-cirko kamar an kai su gaban alƙali. Na ɗaga riga na nuna musu ɗinkin, na ce aikin bai kai nawa ba amma ba laifi. Da za su tafi na hango Casimiro a bakin ƙofa yana lalube ƙirjinsa ta cikin riga.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar farko a bencin, matar da ke gefena ba ta yi dariya ba. Sunanta Doña Herminia, mai sayar da kifi ce daga Haina. An yanke mata na dama bara. Ta yafa mayafi a wannan zafin, tana zaune a karkace. Da hayaniya ta lafa sai ta matso ta ce a hankali, “Don Allah, naka me ya sa ba sa hawa sama? Ni auduga nake cusawa, in na ɗaga hannu sai ta taho wuyana. Wata takwas ban je kasuwa ba.”

Jikalle, shekara talatin da ɗaya ina jiran a yi min wannan tambayar ban sani ba. Na ce mata auduga ba ta da nauyi, uwargida. Filo na waje ne, don ido. A ciki shinkafa nake sawa a doguwar safar mata, a ƙulle, a juya, a ɗinke cikin aljihu, sai ya zauna ya bi jiki. Na zaro nawa na hagu na farke a wurin da haƙori, na rage shinkafar a tafin hannun wata, na auna ta da ido, na ƙulle. Ta shiga bayi. Da ta fito ta ninke mayafin ta sa a jaka.

Yanzu duk ranar da za a gasa min wurin, da allura da zare nake tafiya, da wandona, ba riga ba lema. Na yi wa mata goma sha ɗaya. Mai faɗin kafaɗar ma sunanta Nurys, tana ajiye min gefen taga saboda haske. Higüey na je a mota kamar yadda kika ce, na gaya wa Uwargida alkawarin nan na fasa, ina ganin ta gane.

Kin ce ba shi da wani aiki. Ki koma ki gaya wa malamanki nawa ya yi aiki sau ɗaya kafin a cire shi. Na dama yana nan, ina duba shi duk Lahadi.

Rigar da zan sa a bikin zamanki likita na fara yanka ta, ja ce, za ki so ƙasa ta haɗiye ki. Sai abu ɗaya. Safar da ake samu a nan duk fara ce fat, ba ta dace da matanmu ba. In akwai mai ruwan ƙasa a Meziko ki aiko min dozin biyu, da guda uku masu duhu sosai, na Doña Herminia ya fara tsufa don kullum tana kasuwa.

Kakanki,
Baldomero tela